Inci Biyu a Bakin Siket

Ni na ƙara wa siket ɗin inci biyun farko, da hannuna, a kan keken ɗinkina. Gara in faɗa tun yanzu, don kada wani ya ɗauka ina ba da labarin nan ne don in wanke kaina.

Wata Talata ce Yayata ta shigo shagona da siket ɗinta mai ruwan toka, wanda take sawa zuwa coci, a cikin leda. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ita ce babba, kuma har yau da furfurata Auta take kirana. Ta zauna a bencin masu jiran ɗinki ta ce, "Auta, ki sauke mini kalmasar nan. Inci biyu kawai."

"Tsawo kika ƙara, Yaya, ko wani yayi ne ya shigo ban ji ba?"

Ba ta yi dariya ba. Na ɗauko tef na durƙusa zan auna, sai ta janye ƙafar hagu ƙarƙashin benci. Ni kuwa ba a yi mini ɓoye-ɓoye a shagona. Na kamo ƙafar. Babban yatsa naɗe yake da tsumma, tsumman ya jiƙe ya manne.

"Mene ne wannan?"

"Takalmi ne ya ɗan goge ni."

"Tun yaushe?"

"Sati uku."

"Sati uku! Ke mai ciwon sukari? Yaya, yaya jikin?"

Sai da ta kalli ƙofa kafin ta amsa. "Lafiya lau."

Shekara shida Yaya tana riƙe da sukarinta yadda ya kamata: ƙwaya safe da yamma, shayi ba sukari, asibiti duk wata. Sai aka yi makon addu'a a cocinmu, aka yi mata addu'a, ta je gwaji ranar Juma'a aka ce sukarin ya sauka daidai. To me zai hana shi sauka, mutum na shan magani? Amma mijinta, wanda kowa ke kira Dattijo saboda yana cikin dattawan ikilisiya, ya ga dama ta faɗo masa. Ya sayo mata sabon takalmi rufaffe mai tsinin baki. Ranar Lahadi ya karɓi lasifika, ya tsayar da ita kusa da shi, ya ba da shaida cewa matarsa ta warke sarai. Ya zaro kwalin ƙwayoyinta daga aljihu, ya ɗaga sama, ya jefa a kwandon shara a gaban mutum ɗari uku. Coci ya ɗauki tafi. Ni ma na tafa, kar in yi ƙarya. Takalmin shaidar nan ne ya goge mata yatsa.

Daga ranar aka kafa doka a gidan. Duk wanda ya tambayi mara lafiya jiki, ai amsar ɗaya ce, "da sauƙi". Dattijo ya ce sam, ba a gidansa ba. "Da sauƙi" na wanda har yanzu yake kwance ne, wanda Ubangiji ya warkar "lafiya lau" zai ce. Cewa "wash" gunaguni ne, riƙe ƙugu rashin godiya ne. Shi ne kuma mai koyar da ajin manya kafin sujada, inda darasinsa bai wuce ɗaya ba, wato halin Kirista. Kirista ba ya ƙarya, ba ya gunaguni, ba ya lashe abin da ya furta.

Na sauke kalmasar, na goge. Siket ya sauko ya rufe yatsa. Da za ta tafi na ce, "Gobe ki biyo da safe, akwai gyara."

Babu wani gyara. Na je kantin magani da tsohon katinta na sayo ƙwayoyin, na zuba su a gwangwanin da nake ajiye maɓallai. Kwana goma sha ɗaya Yaya tana biyowa kan hanyarta ta kasuwa, ta zauna bayan labulen gwaji ta haɗiya, in wanke mata yatsan da ruwan gishiri. Bakin ciwon ya fara bushewa. Har ta koma tsokanata, wai bakina ya fi almakashina kaifi.

Rana ta goma sha biyu ta shigo ba ta zauna ba.

"Ya sani," ta ce.

"Wa ya faɗa masa?"

"Ni."

Na ajiye almakashi. "Ke?"

"Tambayata ya yi, Auta. Mun gama addu'ar safe, ya ce, Maman yara, tun ranar shaida wani magani ya shiga bakinki? Shekara talatin da ɗaya ban taɓa yi masa ƙarya ba. Ta yaya zan fara yau, ban ko tashi daga durƙuso ba?"

Wallahi ji na yi kamar in ɗauki sandar awo in kwaɗa mata. Ba ta san wani abu ba sai gaskiya, shi kuwa ya san haka, shi ya sa bai wahalar da kansa da binciken jaka ba. Da halinta mai kyau ya ɗaure ta, ba da igiya ba. Ya ce ba ita ba shagona, kasuwa ma shi zai riƙa zuwa, tunda ya yi ritaya ba abin da yake yi.

Wata guda ban sa ta a ido ba sai daga nesa a coci, tana jan ƙafa a hankali, siket na sharar ƙasa. 'Ya'yansu biyu suna aiki a wani gari mai nisa. Na kira babbar na faɗa mata, ta kira uwarta, uwar ta ce lafiya lau, sai yarinya ta dawo tana ce mini, "Anti, kin cika tayar da hankali."

Sannan wata safiya sai ga Dattijo da kansa a ƙofar shagona, da leda a hannu, rigarsa a goge kamar kullum.

"Auta, barka da aiki. Yayarki ta ce a ƙara inci biyu."

"Ita ta ce, ko kai ka ce?"

"Ai ni da ita abu ɗaya ne."

"Kalmasa ta ƙare, Dattijo. Babu sauran yadin da zan sauke."

"To ki yi masa ƙari. Ke ce tela."

Na so in jefa masa ledar a fuska. Amma na yi tunani, in na ɗinka, ni zan kai, in na kai zan ga 'yar'uwata. Da wannan na lallashi kaina. Na nemo ƙyalle baƙi, na yi wa siket ɗin baki mai faɗi, har da 'yar tattara don ya zama kamar ado. Ya yi kyau, abin haushin ke nan.

Da na kai, tun daga ƙofar falo turaren fesawa ya buge ni, irin wanda ake fesawa a mota. A ƙarƙashinsa akwai wani wari, wanda duk wanda ya taɓa jinya ya san shi. Yaya na zaune a doguwar kujera, ƙafar a ƙarƙashin tebur, an rufa mata tawul. Ta rame, leɓenta ya bushe, ga jarkar ruwa kusa da ita ta sha rabi. Falon cike da baƙi, don tun ranar shaida mutane ke zuwa ganin wadda aka warkar. A cikinsu akwai matar wani direba, yarinya ce da goyonta, ita ma an ce mata tana da sukari.

Dattijo ya haɗa shayi da hannunsa. Ya ɗebi sukari yana ƙirgawa da ƙarfi don kowa ya ji. "Ɗaya. Biyu. Uku. Da can ko warinsa ba ta iya ji. Maman yara, sha su gani."

Yaya ta karɓi kofin da hannu biyu. Ta kalle ni, ta kawar da kai, ta shanye. Baƙi suka ce, "Mun gode Ubangiji!" Matar direba ta share hawaye ta ce, "Baba, ni ma zan zubar da nawa."

"Bangaskiyarki ce za ta faɗa miki, 'yata," in ji shi.

Na tashi zan kai kofuna kicin don kada bakina ya kufce a gaban mutane. Ina fitowa na hango shi a lungun da ke tsakanin kicin da ɗakin kwana, ya juya baya. Ya buɗe gidan tabarau, ya ɗaga ƙyallen goge gilashi, ya ɗauki wata 'yar farar ƙwaya ya jefa a baki.

"Dattijo, wannan fa?"

Ya ɗan zabura, amma nan take ya gyara fuska. "Na hawan jini ne. Likita ya ce kada in tsallake ko kwana ɗaya."

"Au! Kai likita ya ce? Ita kuma wa ya ce?"

"Rage murya, akwai baƙi."

"Ba zan rage ba. Kana haɗiyar naka a lungu, ita ka jefa nata a shara?"

Ya rufe gidan tabarau, ya sa a aljihu, ya dube ni kamar yana yi wa yaro bayani. "Auta, ba ki gane ba. Ni ban tsaya gaban jama'a na ba da shaida a kan hawan jinina ba."

Har yau in na tuna maganar nan sai in ji kaina ya yi zafi. Bai faɗe ta da mugunta ba, a wurinsa hujja ce cikakkiya. Ya ci gaba da jero sauran: mutane nawa suka dawo coci saboda shaidar nan, in ta rushe bangaskiyarsu fa? Ciwon yatsa gwaji ne, kowane warkarwa da gwajinsa. Kuma da ban ba ta ƙwaya a ɓoye ba da tuni ya bushe, ni na buɗe wa shakka ƙofa. Ya ƙare da cewa yana yi mini addu'a.

Washegari na tari tasi, na jira sai da na ga Dattijo ya fita da kwandon cefane. Na shiga na ce, "Yaya, tashi. Mota na waje. Minti ashirin muna asibiti."

Ta tashi, har ta ɗauki mayafi. Muka zo bakin ƙofa sai ta kama ƙarfen ƙofar ta tsaya.

"Matar mai kaɗa ganga a cocinmu tana aiki a wurin karɓar kati," ta ce. "In ta gan ni a layi, kafin yamma coci ya ji. Na mai da mijina maƙaryaci ke nan."

"To ai ƙaryar ya yi!"

"Bai yi da niyya ba. Ya gaskata ne."

"Yaya, ƙafarki ruɓewa take yi. Ina jin warin daga nan."

"Na sani." Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "Ina jin sa fiye da ke. Ba na barci, Auta. Amma in na fita ƙofar nan, da wane ido zai tsaya gaban aji ranar Lahadi?"

Na ja hannunta, ta ƙanƙame ƙarfen. Mace mai zazzaɓi, amma na kasa ɓamɓare yatsunta. Mai tasi ya gaji da hon ya tafi.

Sai na tafi wurin Fasto. Matashi ne, bai fi shekara biyu da zuwa ba, kuma Dattijo na cikin waɗanda suka sa hannu aka kawo shi. Ya saurare ni da kyau. Ya ce shi tun ranar shaidar ya ja Dattijo gefe ya ce masa kada a daina zuwa asibiti, don jiki amana ce, likita ma baiwar Ubangiji ce, kuma kula da lafiya na cikin halin Kirista kamar yadda faɗin gaskiya yake. Na ce, "To Fasto, ka zo ka faɗa a falonsa."

Ya zo, ba zan ci haƙƙinsa ba. Dattijo ya tarbe shi da lemo, ya zauna a hannun kujerar da Yaya take, ya ɗora hannu a kafaɗarta. Fasto ya yi gyaran murya ya ce, "Mama, an ce mini ba kya jin daɗi. Yaya jikin?"

Na zuba mata ido. Kalma biyu kawai nake roƙo, "da sauƙi", ko yaro ya san ma'anarsu. Bakinta ya motsa. Hannun da ke kafaɗarta bai matsa ba, bai yi komai ba, yana nan dai.

"Lafiya lau, Fasto."

"Ka ji da kunnenka," in ji Dattijo. "Ƙanwarta ce mai ɗan zafin kai, tun suna yara."

Fasto ya kalli tawul ɗin da ke ƙarƙashin tebur, na ga hancinsa ya motsa. Bai ce a ɗaga ba. Ya yi addu'a, ya shanye lemonsa, ya ce mini a waje, "Ba zan iya shiga tsakanin miji da mata ba in ita ba ta yi ƙara ba." Na ce masa na gode, amma ba da muryar godiya ba.

Lahadin da shaida ta cika wata huɗu, Dattijo ya shirya a sake tsayar da Yaya don masu sabon zuwa. Ya tsaga sabon takalmin ta gefe da reza don ƙafar ta shiga, siket ɗina ya rufe sauran. Aka kira ta. Matakala uku ne zuwa inda ake tsayawa. Ta hau na farko. A na biyu ta taka baƙin ƙarin da na ɗinka mata, don ƙafar ba ta jin abin da take takawa. Ta tafi gaba ɗaya ta kife, siket ya yaye har gwiwa.

Mawaƙa suka yi shiru a tsakiyar baiti. Ƙafar ta yi baƙi har idon sawu, ta kumbura ta fi ƙarfin takalmin. Wata mata a layin gaba ta toshe hanci, ta tuna inda take, ta sauke hannu. Abin da Dattijo ya fara yi, kafin ya taɓa matarsa, shi ne ya ja siket ɗin ya rufe.

A asibiti likita ta warware tsumman, ta ɗago ta tambaya, "Yaushe ta daina shan magani?"

Dattijo ya ce, "Ai kin san mata da sakaci."

Ban san lokacin da na miƙe na yi kansa ba. Sai da ma'aikatan jinya biyu suka fitar da ni baranda. Kwana biyu bayan haka aka yanke ƙafar a ƙasan gwiwa. Likitar ta ce mini da an kawo ta lokacin da abin yake a yatsa, da wanki da ƙwaya sun isa.

Kada ku ɗauka an kori Dattijo daga cikin dattawa. An yi zama, aka ce ya yi kuskure cikin himma. Lahadi biyu bai koyar ba, ta uku ya koma gaban allo. A bakin wasu ma ni ce mai laifi, mai gwangwanin maɓallai. Yaya kuma da aka sallame ta gidansa ta koma, ina za ta? Sai dai yanzu ƙwayoyinta na kan tebur a fili, don likita ta rubuta, kuma babbar 'yarsu ta zo ta yi kuka ta yi faɗa.

Ina faɗin wannan ne don na san ba gidanmu kaɗai ba ne. Mutum ya iya jera halin Kirista a allo, ɗaya, biyu, uku, amma matarsa na ruɓewa a falo yana fesa turare. Mu kuma da muka gani, kowa ya samo dalilinsa: Fasto ba ya shiga tsakani, 'ya ta yarda da waya, baƙi sun zo ganin abin al'ajabi. Ni nawa dalilin ya fi na kowa kyau, har da tattara na yi masa.

Sati shida bayan aikin, Dattijo ya sake zuwa shagona da ledar nan, wannan karon yana turo Yaya a keken marasa lafiya. Ya ce za ta koma coci, in ƙara wa siket ɗin tsawo da faɗi yadda zai sauka har kan matakin keken, kada hankalin mutane ya rabu a lokacin sujada.

Na buɗe baki, Yaya ta ɗaga mini hannu.

"Auta, kawo allinki."

Na kawo. Ta shimfiɗa siket ɗin a cinyarta, ta lalubi inda dungulmin ya tsaya, ta ja layi da kanta.

"Nan za ki yanke."

"Maman yara," in ji Dattijo, "me kike yi haka?"

"Shekara talatin da ɗaya ban yi maka ƙarya ba, Baban yara," ta ce, ba ta ko ɗaga murya ba. "Amma wata huɗu na yi ina yi wa coci guda ƙarya saboda kai. Ita ce zan je in gyara."

Na sa almakashi. Baƙin ƙarin ya faɗi ƙasa, inci biyun farko suka bi shi, da sauran.

Ranar Lahadi ni na tura ta har layin gaba. Dattijo na tsaye a gaban allo yana shirin fara aji, bai kalli inda muke ba. Mutane suna wucewa, su gaishe ta, idonsu ya sauka ƙasa ya dawo da sauri. Sai ga matar direban nan da goyonta. Ta rame, leɓenta a bushe, da gorar ruwa a hannu. Ta durƙusa ta ce, "Mama, yaya jikin?"

Yaya ta kama hannunta, ta ɗora shi a kan bandejin, ta riƙe shi a wurin.

"Babu lafiya, 'yata," ta ce, da muryar da ta kai har allo. "Ke fa, ina maganinki?"